An ce arzikin ƙasa ya ƙaru, to wa ya samu barci?

Shekara uku cur yayata ta yi tana jinyar mahaifiyarmu kafin Allah ya karɓi abarsa. Ta ajiye aikinta ta dawo ta tare a ɗakin tsohuwa, ita ce juya ta cikin dare don kar bayanta ya yi gyambo, ita ce wanka, ita ce canjin zanin gado wani lokaci sau uku kafin gari ya waye, ita ce ƙirga ƙwayoyin magani a tafin hannu da hasken fitilar waya. Na sha leƙawa da asuba in tarar da ita zaune a ƙasa ta jingina da gado barci ya sace ta, hannunta ɗaya riƙe da na Mama. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin aikin da ya kai wannan nauyi da daraja ba.

Amma a littafin masu lissafin tattalin arziki wannan aikin sifiri ne. Ba wanda ya biya ta ko sisi, don haka bai shiga ma'aunin nan da ake kira GDP ba, wato jimillar kuɗin kayayyaki da ayyukan da ƙasa ta samar aka saya aka sayar a cikin shekara. Ajiye aikin da ta yi ma rage lissafin ya yi. Abin da ya shiga shi ne kuɗin gadon asibiti, kuɗin gwaje-gwaje, magunguna, da man motar da muka dinga ƙonawa muna zirga-zirga tsakanin gida da asibiti. Kenan shekarun da gidanmu ya fi shiga ƙunci su ne shekarun da muka fi zuba wa wannan ma'aunin kuɗi. Tun daga lokacin, duk sanda na ji wani shugaba a ko'ina a duniya ya tsaya gaban makirfo yana cewa tattalin arziki ya bunƙasa da kashi kaza, abin da ke zuwa raina shi ne, to a cikin wannan kashin nawa ne na jin daɗi, nawa ne na jinya da haɗarin mota da gyaran abin da ambaliya ta rushe?

Kuma fa ba ni na fara wannan ƙorafin ba, shi kansa mai kayan ya yi gargaɗi. Simon Kuznets, masanin da ya tsara lissafin kuɗin shigar ƙasa ya miƙa wa majalisar dokokin Amurka a 1934 lokacin da tattalin arzikinsu ya durƙushe, a cikin rahoton nasa ya faɗa ƙarara cewa da wuya a iya gane jin daɗin al'umma daga wannan lissafin. Mutumin ya ƙera awo ne don a san yawan abin da gonaki da masana'antu ke fitarwa, sai aka ɗauki awon aka mayar da shi alƙalin komai. A watan Maris na 1968 sanatan Amurka Robert Kennedy ya tsaya a Jami'ar Kansas yana neman takarar shugaban ƙasa, ya lissafo abubuwan da ke shiga wannan lissafi, hayaƙin da ke gurɓata iska, tallan taba sigari, motocin asibitin da ke kwashe waɗanda haɗari ya rutsa da su, makullan da mutane ke saya don tsoron ɓarayi da gidajen yarin da ake ginawa don ɓarayin, sannan ya ce lissafin na auna komai in ban da abin da ke sa rayuwa ta yi ma'ana. Shekara sama da hamsin kenan, kuma har yau da wannan awon ake yi wa ƙasashe jeri.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki ma, lambar kanta tana iya tsalle ba tare da wani abu ya motsa a rayuwar kowa ba. A watan Afrilun 2014 Najeriya ta sabunta yadda take lissafi, ta daina amfani da 1990 a matsayin shekarar kwatance ta koma 2010, aka shigar da harkar wayar salula da ta fina-finai da sauran abubuwan da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata, rana ɗaya lissafin ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa kusan biliyan 510, ƙasar ta wuce Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiyar. Gyaran daidai ne, ba ƙarya aka yi ba, amma wanda ya kwana da bashi a daren da bashinsa ya tashi. Ireland kuwa lissafinta na 2015 ya nuna bunƙasar kashi 26 cikin ɗari a shekara ɗaya, ba don mutanen ƙasar sun ninka ƙwazo ba, manyan kamfanonin ƙasashen waje ne suka mayar da rajistar kadarorinsu can saboda sauƙin haraji. Sai da hukumar ƙididdigar ƙasar ta ƙirƙiro wani ma'auni na daban don ta san gaskiyar halin da mutanenta ke ciki.

Wani zai ce to ai wannan matsalar 'yan boko ce da alƙalumansu. A'a wallahi, rayuka na tafiya a kai. Ku duba Tunisiya da Masar a shekarun da suka gabaci 2011, lissafin arzikinsu hawa yake yi, masu ba da bashi na duniya na yaba musu, amma a daidai waɗannan shekarun binciken da kamfanin Gallup ke yi ya nuna yawan mutanen da ke cewa rayuwarsu na tafiya daidai sai raguwa yake. Ba wanda ya kula da wannan layin da ke gangarowa, ido na kan wanda ke hawa. Ranar 17 ga Disamba 2010 wani matashi mai tura baro yana talla, Mohamed Bouazizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid na Tunisiya bayan jami'ai sun ƙwace masa kayan sana'a sun wulaƙanta shi. Kafin wata ɗaya shugaban Tunisiya Ben Ali ya bar ƙasar, kafin wata biyu shugaban Masar Mubarak ya sauka. Wulaƙancin da aka yi wa yaron nan ba shi da gurbi a GDP, amma shi ya kifar da gwamnati.

Shi ya sa nake tare da masu cewa a canza awo. Kuma akwai waɗanda suka gwada. Bhutan, 'yar ƙaramar ƙasa a tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da Sin, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, sarkinsu na huɗu Jigme Singye Wangchuck tun a shekarun 1970 ya ce jimillar farin cikin al'umma ta fi masa muhimmanci a kan jimillar abin da ƙasa ke samarwa. Ba su bar maganar a baki ba, sun sa ta a kundin tsarin mulkinsu na 2008, kundin da ya wajabta cewa aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ƙasar ya kasance daji har abada. Suna da fannoni 9 da alamomi 33 da suke bi gida-gida suna tambaya a kai, lafiya, ilimi, halin zuciya, shugabanci, zumunci tsakanin maƙwabta, muhalli, abin hannu da sauransu. Wanda ya fi taɓa ni a ciki shi ne fannin lokaci. Suna tambayar mutum awa nawa yake aiki, awa nawa yake barci, kuma in barcinsa bai kai awa 8 ba sai a rubuta cewa ya gaza a wannan fannin. Gwamnati ta damu da ko ɗan ƙasa ya samu barci! Da na karanta wannan yayata kawai na tuna.

Bhutan ɗin ce ta kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Yulin 2011 aka amince da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su riƙa sa jin daɗin jama'a a cikin tsare-tsarensu, daga baya aka ware 20 ga Maris a matsayin ranar farin ciki ta duniya, kuma tun 2012 ake fitar da rahoton da ke jera ƙasashe. Tambayar da ake yi mai sauƙi ce, a ce wa mutum ka ɗauka ga tsani mai matakala daga 0 zuwa 10, sama ita ce rayuwa mafi kyau da za ka iya samu, ƙasa ita ce mafi muni, kai a wace matakala kake yanzu? Finland ce ta zo ta ɗaya tun daga 2018 har 2025 ba fashi, Afganistan na can ƙarshe. A rahoton 2025 Amurka da duk dukiyarta ta 24 ta zo, Kosta Rika kuwa, ƙasar da ta rushe rundunar sojinta tun 1948 ta karkata ga makarantu da asibitoci, ta zo ta 6.

To a nan ne fa nake rabuwa da wasu daga cikin masu wannan kiran, kuma wannan ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Kalmar farin ciki tana ba ni tsoro in ta shiga hannun mai mulki. Ku je ku samu mutumin da ya binne ɗansa makon jiya saboda ciwon da allura ɗaya za ta iya warkarwa, ku tambaye shi ya rayuwa, zai ce muku Alhamdulillahi. Kuma da gaske yake, ba riya ba ce, imaninsa ne da tarbiyyarsa, ya koyi haƙuri ya koyi godiya. Amma wannan godiyar tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ba takardar shaida ba ce da ya ba wa ministan lafiya. A 2003 mujallar New Scientist ta buga sakamakon wani babban bincike na ƙasashe sama da 60 da ya nuna 'yan Najeriya ne suka fi kowa yawan cewa suna cikin farin ciki, aka yi ta yayata labarin ana murna, alhali a lokacin mace-macen mata wajen haihuwa da na ƙananan yara a ƙasar na cikin mafiya muni a duniya. Amartya Sen, masanin Indiya da ya ci kyautar Nobel a 1998, wanda yana yaro ya ga yunwar Bengal ta 1943 da idonsa, ya daɗe yana jan kunne a kan wannan, cewa wanda ya daɗe cikin rashi yakan rage burinsa ya daidaita shi da abin da yake ganin zai iya samu, sai ya ce maka ya gamsu. In ka auna ƙasa da amsarsa kaɗai, ka mayar da haƙurinsa makami a kansa. In ya yi ƙorafi a ce ba shi da godiya, in ya yi shiru a rubuta cewa yana jin daɗi.

Kuma mun ga yadda gwamnatoci ke son kalmar. A 2013 shugaba Nicolás Maduro ya buɗe ofishin mataimakin minista na farin cikin al'umma a Venezuela, a daidai lokacin da mutane suka fara bin dogayen layuka don kayan masarufi, shekaru kaɗan bayan nan miliyoyi suka tsere daga ƙasar. A 2016 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta naɗa ministar farin ciki, ƙasar da mafi yawan mazaunanta baƙi ne 'yan ci-rani da ba su da ta cewa a harkar mulki. Ita kanta Bhutan da nake yabo, dole in faɗi ɗaya gefen, a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 mutane sama da dubu 100 masu jin harshen Nepal, waɗanda ake kira Lhotshampa, suka bar ƙasar, wasu korar su aka yi wasu tsoro ya kore su, suka shafe shekara da shekaru a sansanonin gudun hijira a gabashin Nepal. Waɗannan ba wanda ya bi su da takardar tambaya. Ga kuma matasan ƙasar na yanzu da ke ta tururuwa zuwa Ostireliya neman aiki. In ka cire wanda ke kuka daga cikin ƙirga ai dole sakamako ya yi kyau.

Sannan ban yarda da masu cewa kuɗi ba komai ba ne. Yawanci wanda cikinsa ya cika ne ke faɗin haka. Ku sake duba jerin nan, ƙasashen da ke sama masu arziki ne ko kuma masu matsakaicin hali da suka iya raba abin da suke da shi, na ƙasa kuwa yaƙi da talauci ne suka yi musu katutu. Richard Easterlin ya nuna tun 1974 cewa Amurka ta yi ta ƙara arziki shekara da shekaru amma farin cikin mutanenta bai bi sahu ba, har yau masana na jayayya a kan bincikensa, sai dai ba mai jayayya cewa ga wanda ba shi da na magani, ƙarin kuɗi ƙarin rai ne. Ƙasar da ba ta samar da komai ba ta da abin gina asibiti. Don haka ni ban ce a jefar da GDP ba, a ajiye shi a matsayinsa na awon kasuwa, a daina tambayarsa abin da bai sani ba.

Abin da nake so a auna, in za a bar ni in zaɓi kalma, kwanciyar hankali ne. Farin ciki baƙo ne, yau ya zo gobe ya tafi, ana iya samunsa a wajen biki ko a filin ƙwallo ko da aljihu babu komai, kuma ba aikin gwamnati ba ne ta sa ni dariya. Amma kwanciyar hankali tana da sabubba da ake iya gani a ƙirga, kuma yawancinsu a hannun masu mulki suke. Shin in ɗanka ya kwana da zazzaɓi, tunaninka na kan yaron ne ko na kan inda za ka ranto kuɗi? In 'yarka ta fita makaranta, zuciyarka na nan daram har ta dawo? In ka kai ƙara a kan wanda ya fi ka ƙarfi, kana sa ran a saurare ka? In tsufa ya zo, ko ciwo ya kwantar da kai, akwai abin da zai riƙe ka ban da 'yarka ta ajiye aikinta? Awa nawa kake ɓatawa a hanya tsakanin gida da wajen aiki, awa nawa ya rage maka da iyalinka? Waɗannan ba tambayoyin da Alhamdulillahi ke rufewa ba ne, amsarsu lamba ce ko e ko a'a.

Akwai wata tambaya a rahoton 2025 da ta burge ni ƙwarai, ana tambayar mutane in walat ɗinka ya faɗi da kuɗi a ciki, kana ganin wanda ya tsinta zai dawo maka da shi, maƙwabci ne ko baƙo ko ɗan sanda? Sai aka ga wuraren da mutane ke sa ran za a dawo musu da shi su ne wuraren da mutane suka fi jin daɗin rayuwa, kuma da aka gwada yar da walat ɗin da gangan a birane daban-daban, an dawo da shi fiye da yadda mutane ke zato. Amana kenan ake aunawa. Ƙasar da amana ta mutu a cikinta kowa sai ya sayi kwaɗo ya ɗaga katanga ya ɗauki mai gadi, duk wannan kashe kuɗin kuma GDP zai rubuta shi a matsayin ci gaba.

Kayan aikin ma ba sabbi ba ne. Tun 1990 Mahbub ul Haq na Pakistan tare da Sen suka fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga, kuma shi ne ke tona asirin ƙasashe irin su Equatorial Guinea da man fetur ya ɗaga lissafinsu sama amma rayuwar talakansu na nan a ƙasa. A 2008 shugaban Faransa Nicolas Sarkozy ya kafa kwamitin Joseph Stiglitz da Sen da Jean-Paul Fitoussi, rahotonsu na 2009 ya ce a riƙa duba abin da ke shiga gidaje da yadda aka raba shi, a kuma ƙirga aikin gida da ba a biya. Birtaniya tun 2011 hukumar ƙididdigarta ke yi wa mutane tambayoyi huɗu, ciki har da yaya damuwarka ta kasance jiya. Amma wanda na fi ganin ya kama hanya shi ne abin da New Zealand ta yi a 2019 lokacin firaminista Jacinda Ardern, da suka ɗaura kasafin kuɗin ƙasa a kan wannan tunanin, duk ma'aikatar da ke neman ƙarin kuɗi sai ta nuna yadda zai taɓa abubuwa kamar talaucin yara da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma suka ware dalar ƙasarsu biliyan 1.9 ga lafiyar ƙwaƙwalwa kaɗai. Awon da bai taɓa kasafin kuɗi ba ado ne kawai na taron manema labarai.

Sharuɗɗa biyu nake da su kafin in yarda da kowane sabon awo. Wanda ake aunawa kar ya zama shi ke riƙe da sikeli, hukumar da ke tattara bayanan ta zama mai cin gashin kanta, ta fitar da sakamako ko ya yi wa gwamnati daɗi ko bai yi ba, kuma kowa ya iya ganin yadda aka yi lissafin. Na biyu kuma kar a dunƙule mana komai a lamba ɗaya, don matsakaicin lissafi shi ne babban maɓoyar zalunci, mutum ɗaya mai gida goma da mutum tara marasa ɗaki a takarda kowa na da gida. A rarraba, a nuna mana mata daban maza daban, birni daban ƙauye daban, matasa daban tsofaffi daban, 'yan ƙasa da baƙin da ke musu aiki, a nuna mana na can ƙasan tsanin ko sun motsa. In su ba su motsa ba, ni a wajena ƙasar ba ta motsa ba ko da lissafin kasuwa ya ninka.

Bayan rasuwar Mama yayata ta yi ta neman komawa aiki, duk inda ta je sai a tambaye ta me ta yi a shekara ukun nan da babu komai a takardunta. Ba a lissafa mata su a gogewa ba, ba a lissafa su a fansho ba. Na san in mai binciken tsanin nan ya zo ya tambaye ta matakalar da take, murmushi za ta yi ta ce ta gode Allah da ya ba ta ikon yi wa mahaifiyarta hidima, ta zaɓi lamba mai kyau, kuma har zuciyarta haka ne. Ni kuma wata rana muna zaune na yi mata wata tambayar daban, na ce Yaya, a waɗancan shekarun awa nawa kike barci? Sai da ta yi shiru tana lissafi da yatsu, sannan ta ce uku, ranar da jikin Mama ya yi sauƙi huɗu.